MASAUKIN FATAKE YA ZAMA MASAUKIN ƊALIBAI

Wannan shi ne jawabin da mataimakin editan wannan shafi ya yi wa taron iyaye da ɗalibai 'yan Arewa mazauna Ikko. Mun buga shi ne domin amfanin 'yan'uwa na Badun, Anacha, Fatakwal da sauran garuruwan Kudu.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamaina, iyayena alhazai da hajiyoyi, da ƙannena ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma neman afuwa da na miƙe tsaye gabanku alhali kuwa ga waɗanda suka girme ni a shekaru da sani suna zaune. Umarni aka ba ni, umarnin manya kuwa ba a ƙinsa.

Maganar da aka ɗora mini ita ce ta 'ya'yanmu da ke jami'o'i da kwalejojin fasaha, da yadda za su sami gogewar aiki da sanayyar mutane tun kafin su bar makaranta. Na san a cikin wannan taro akwai iyayen da suka sha rana a kasuwar Mile 12 ko a karar shanu ta Agege, akwai waɗanda suka kwana bakin ƙofar wani suna gadi, shekara huɗu ko biyar suna aika kuɗin makaranta. Sa'an nan yaro ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna a rumfa yana taya ƙidayar buhunan albasa, digirinsa kuwa yana ninke cikin akwati. Ba raina cinikin albasa nake yi ba, shi ya biya kuɗin digirin. Amma kowa ya san ba don a ƙare a nan aka kashe kuɗin ba.

Dattawanmu za su tuna zamanin da aiki ke neman mutum. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon na 1960, lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta tashi haiƙan don cika ma'aikatunta da 'yan Arewa, yaron da ya gama sakandare ba ya daɗewa a gida. Masu ilmin zamani kaɗan ne, kujeru kuwa da yawa. A 1962 jami'o'i 5 ne kacal a duk Nijeriya, watau ta Badun, ta Nsukka, ta Ife, ta Ikko da ta Ahmadu Bello a Zariya. Yau sun haura 200, ban da kwalejojin fasaha da na horon malamai, ma'aikatun gwamnati kuwa ba su buɗe baki gwargwadon haka ba. Gaskiya ne Tsarin Mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba muƙaman Gwamnatin Tarayya tsakanin dukan sassan ƙasa, an kuma kafa hukuma ta musamman a 1996 don ta sa ido a kan wannan. To, amma a bakin ƙofar ma'aikatun gwamnati wannan ƙa'ida ta tsaya. Manajan kamfanin da ke Ikeja ko Apapa ba ruwansa da jihar da ka fito. Abin da zai tambaye ka shi ne me ka taɓa yi da hannunka, kuma wa ya san ka da zai ba da shaidarka.

A nan ne ɗalibi ke shiga tsaka mai wuya. Duk tallar aikin da ya duba sai ya ga ana neman wanda ya taɓa aiki na shekara biyu ko uku. Ba za a ɗauke shi ba sai ya goge, ba kuwa zai goge ba sai an ɗauke shi.

Ba yau aka lura da wannan matsala ba. A 1971, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wanda aka fi sani da ITF, bisa doka mai lamba 47, hedkwatarsa kuma tana Jos. Doka ta ɗora wa kamfanoni masu yawan ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara ga wannan asusu. A 1973 asusun ya ƙirƙiro shirin tura ɗalibai ma'aikatu su koyi aiki a aikace, shirin da ɗalibai ke kira SIWES, saboda masu masana'antu sun yi ta kukan cewa waɗanda makarantu ke yayewa sun san inji a littafi amma ba su taɓa riƙe shi ba. Yadda abin yake, ɗalibin jami'a mai karatun injiniya da makamantansa yakan yi wata 6 a wata ma'aikata, na kwalejin fasaha kuwa yakan yi wata 4 bayan shekararsa ta farko, sa'an nan idan ya karɓi ƙaramar difloma ana bukatar ya yi shekara guda yana aiki kafin a ɗauke shi karatun babba. Ana ba shi littafi da zai riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, shugabansa na wurin aiki ya sa hannu, malami daga makaranta ya zo ya duba shi, in ya koma kuma ya rubuta rahoto ya kare shi gaban malamai. Likita da mai haɗa magunguna su ma suna da shekara guda ta sanin makamar aiki bayan digiri, ɗalibin Makarantar Horon Lauyoyi kuma ana tura shi kotu da ofishin lauya.

A takarda tsari ne mai kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne a ina yaron zai yi wannan wata 6. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, sauran masaƙun unguwar ma galibi sun bi ta. Wanda ya zaga Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano zai ga ƙofofi da yawa a garƙame. Masana'antun da suka rage da rai, mafi yawansu a nan Kudu suke: Ikeja, Ilupeju, Apapa, Agbara da Ota, Oluyole a Badun, Trans-Amadi a Fatakwal, Nnewi kusa da Anacha. Ga matatar mai ta Dangote a Lekki da aka buɗe a 2023, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana. Hedkwatocin yawancin bankuna da kamfanonin waya da na inshora duk suna nan Ikko, ko da yake gwamnati ta tashi ta koma Abuja tun 1991.

Saboda haka sai ka ga yaro mai karatun injiniyan sinadarai a Zariya, ko na lantarki a Kwalejin Fasaha ta Kaduna, an miƙa masa wasiƙa an ce ya je ya nemo wurin da zai karɓe shi. Bai san kowa a Ikeja ba. Ko da ya yi sa'a wani kamfani ya amsa masa, a ina zai kwana? Mai gidan haya a Ikko kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin mota kullum. Sai yaron ya haƙura, ya kai wasiƙarsa sakatariyar ƙaramar hukumarsu ko wani ofis inda ba inji ba aiki, ya riƙa leƙawa sau ɗaya a mako. Wani ma ko leƙawar ba ya yi, sai ranar ƙarshe ya zauna ya cika littafin da ƙarya a dare ɗaya, ya nemi mai hatimi ya buga masa. Ya ci makin darasin, amma ya yi asarar dama guda da makaranta ta ba shi ta shiga cikin ma'aikata ba tare da an tambaye shi gogewa ba.

To, iyayena, a nan ne maganar ta iso kanmu, mu da muke zaune a bakin ƙofar waɗannan masana'antu.

Ina so in tuna mana wani abu da kakanninmu suka gina a ƙasar nan ta Kurmi. An kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916. A farkon shekarun 1960 wani Bature masanin zaman jama'a mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna cikin Hausawan Sabo yana nazarin cinikin shanu da na goro, ya kuma buga littafi a kai a 1969. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda dukiya mai yawa ke kai da komo tsakanin Arewa da Kudu ba banki, ba lauya, ba takardar yarjejeniya. Falke zai taso daga Arewa da garken shanu, ya iso garin da ba ya jin harshensa, bai kuma san mahauci ko ɗaya ba. Sai ya sauka a gidan maigida. Maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, dillali ya kai shi ga mahauta Yarabawa. Shanun kuwa bashi ake sayar da su, mahauci ya yanka ya sayar sa'an nan ya biya, wanda ya tsaya wa falke a kan wannan bashi shi ne maigida. Shi ya san mahaucin da ke cika alkawari da wanda ke gudu, don kullum yaransa suna kasuwa suna ji suna gani. In ya yi sakaci aka cinye dukiyar baƙo, labari zai kai Arewa kafin wata ya mutu, ba kuma wanda zai sake sauka a gidansa. Jarinsa na gaskiya sunansa ne.

Da yawa daga cikinku ba ku bukatar Bature ya gaya muku wannan, a cikinsa kuka tashi. Abin da Turawa ke rubuta littattafai a kansa yau, suna koyar da shi a makarantun kasuwanci da sunan dabarun ƙulla hulɗa, mu mun gaje shi. Sai dai mun tsare shi ga shanu, goro, tumatir da canjin kuɗi. In ɗan ƙaninka ya zo da lodin barkono daga Kano, ka san inda za ka sauke shi da wanda za ka haɗa shi da shi. In kuwa ya zo da wasiƙar makaranta yana neman wurin koyon aiki, sai ka ce wannan harkar 'yan boko ce, ba ka san kanta ba. Alhali bukatar ɗalibin da ta falke iri ɗaya ce: wurin kwana, mai gabatarwa, da mai tsaya masa.

Maganar ɗaki ba ta bukatar dogon bayani. Duk wanda ke da shagon da fatake ke kwana, ko ɗakin baƙi a Idi-Araba, Obalende, Agege ko Alaba Rago, zai iya ware tabarma ɗaya ta wata 6. Ga yaron da ke Zariya, wannan tabarma ita ce tsakaninsa da kamfanin da ya amsa masa.

Maganar gabatarwa ce nake so in daɗe a kanta, don na san abin da wasu ke faɗa a zuci: "Ni mai gadi ne, wa na sani?" Ka san mutane da yawa, Baba. Shekara goma kana buɗe wa babban injiniyan kamfani ƙofa safe da yamma, ya san sunanka, yakan bar maka makullin gidansa in zai yi tafiya. Mahaucin da ke kai wa babban otal nama ya san mai sayen kayan otal ɗin. Ɗan canji ya san masu shigo da kaya ta Apapa. Direban tanka ya san manajan wurin da yake lodin mai. Hajiyar da ke sayar da atamfa da turare tana shiga gidajen matan da ke riƙe da manyan ofisoshi. Tsakaninku da waɗannan mutane akwai amana ta shekaru, amma kunya, wani lokaci kuma girman kai, ta hana a buɗe baki a ce: "Oga, ɗan wana yana karatun injiniya a Zariya, makaranta ta ce ya nemi wurin koyon aiki na wata shida, ko za a duba takardarsa?" Wannan ba roƙon kuɗi ba ne, kuma ba roƙon aiki ba ne. Kamfanoni da yawa sun saba karɓar irin waɗannan ɗalibai kowace shekara, kuma sau da yawa wanda takardarsa ta zo ta hannun sananne ita ake fara dubawa.

Akwai wani bincike da ya dace da wannan. Wani masani ɗan Amurka mai suna Mark Granovetter ya bi ma'aikata a garin Newton kusa da Boston yana tambayarsu yadda suka sami ayyukansu, ya buga sakamakon a 1973 da 1974. Ya tarar fiye da rabinsu ta hanyar wani mutum suka ji labarin aikin. Abin mamaki kuma, cikin waɗanda ya tambaya ko sau nawa suke ganin wannan mutum, kimanin 17 cikin 100 ne suka ce suna haɗuwa a kai a kai. Sauran duk jefi-jefi ne, ko ma da ƙyar. Dalilin a fili yake in mutum ya yi tunani. Aminanka na kullum, abin da ka sani shi suka sani, inda kake shiga nan suke shiga. Sabon labari daga wanda ke zaune a wata da'ira dabam yake zuwa. A 2022 an sake gwada wannan magana a kan mutane miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, aka kuma tarar sanayya ta tsaka-tsaki ta fi amintaka ta ƙut da ƙut kawo aiki. Darasin da ke ciki gare mu mai ɗaci ne kaɗan. Zaman zango ya tsare mana addini da harshe da mutunci, amma yaron da iyakar sanayyarsa masallacin unguwa da teburin mai shayi, labarin zango kaɗai zai riƙa ji, a zango kuwa ba a tallar aikin injiniya.

Wani zai ce ashe alfarma nake koya wa yara, abin da ya lalata ƙasar nan. Tambaya ce mai kyau, ba kuma zan kauce mata ba. A buɗe wa yaro ƙofa ya shiga ya nuna abin da ya iya, wannan daban ne da a ɗauko shi a ɗora bisa kujerar da wani ya fi shi cancanta saboda takardar wani babba. Na biyun zalunci ne, kuma shi ya cika ofisoshi da mutanen da ba su san aikinsu ba. Ku duba maigidan Sabo. Ba ya tsaya wa mahaucin da bai yarda da shi ba ko da makwabcinsa ne, don ya san in aka yi asara sunansa ne zai zube. Haka nan kada Baba mai gadi ya kai yaron da ya san malalaci ne don kawai ɗan 'yar'uwarsa ne. Yaro ɗaya da ya riƙa makara, ko ya ɓace mako biyu ba sanarwa, ya rufe wannan ƙofa ga goma da ke bayansa, ya kuma zubar da amanar da tsoho ya yi shekara goma yana tarawa.

Yanzu bari in juyo gare ku, ƙannena.

Wata 6 ɗin nan jarrabawa ce da ba a sanar da ranarta. Duk wanda ke wurin yana duba ka, tun daga manaja har masinja. Cunkoson motocin Ikko ba hujja ba ce, kowa cikinsa yake bi ya zo. In tafiyar awa biyu ce, ka fita bayan asuba. Tun ranar farko ka gaya wa shugabanka cikin ladabi lokutan salla da maganar Juma'a, ka kuma dawo a kan lokacin da ka faɗa, sai ka ga ba mai tsangwamarka. Za ka tarar da wani tsohon bakanike ko mai gyaran lantarki wanda bai taɓa shiga jami'a ba, amma da jin ƙarar inji ya san abin da ke damunsa. Kada digirin da ba ka ma karɓa ba tukuna ya hana ka riƙe masa akwatin kayan aiki. Abin da zai nuna maka a mako guda ba ya cikin littafin malaminka, kuma sau da yawa shi manaja ke tambaya a asirce ko yaron nan yana da amfani.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wuraren da ɗalibi ba ya tsinana komai sai sayo abinci da buga takardu a inji. Ka yi haƙuri mako ɗaya ko biyu kana yi da fara'a, sa'an nan ka roƙi a ba ka wani ƙaramin aiki da zai zama naka daga farko har ƙarshe, ko da ƙidayar kayan sito ne ko zana taswirar wayoyin wani ɗaki. In an ƙi, ka sanar da malamin da makaranta ta naɗa ya duba ka tun da wuri, a ga ko za a sake maka wuri. Littafinka kuwa ka cika shi kowace rana da abin da ka yi na gaskiya, da sunan inji da irin matsalar da aka gyara. Bayan shekara biyu, ran da aka zaunar da kai gaban masu ɗaukar aiki aka ce ka faɗi abu guda da ka taɓa yi, daga cikin wannan littafi amsarka za ta fito. Wanda ya sayi hatimi, a tambaya ta biyu asirinsa ke tonuwa.

Kada kuma ka yi wata 6 kana cin abinci da Bahaushe ɗaya tilo da ka tarar a kamfanin. Zauna da Bayarabe, zauna da Ibo, koyi gaisuwarsu, gyara Turancinka na magana da na rubutu. Sauran ɗaliban da kuka zo tare daga wasu makarantu, ka karɓi lambobinsu. Nan da shekara biyar suna warwatse cikin kamfanoni ashirin, su ne waɗannan sanayya na jefi-jefi da muka ambata. Kafin ka tafi ka roƙi shugabanka wasiƙar shaida, ka kuma nemi izninsa ka sa sunansa cikin masu ba da shaidarka a takardar neman aiki. Bayan ka koma makaranta kada ka yi shiru sai ran da bukata ta taso. Zumunta a ƙafa take, yau kuwa waya ta rage wa ƙafa aiki. Gaisuwar salla, gaisuwar Kirsimeti, da ɗan saƙo cewa ka gama jarrabawa lafiya, sun isa su sa a tuna da kai ran da gurbi ya samu.

Akwai kuma ƙungiyoyin masu sana'a, waɗanda 'ya'yanmu ba su cika kusanta ba. Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya tana nan tun 1958, Cibiyar Ƙwararrun Akantoci, watau ICAN, tun 1965, Ƙungiyar 'Yan Jarida tun 1955. Suna da rassa a manyan garuruwa, rassan suna taro da lacca, ɗalibi kuma yana iya halarta ya gaisa da waɗanda suka yi shekara talatin a sana'ar da yake shirin shiga. Mai karatun akanta yana iya fara jarrabawar matakin farko ta ICAN tun bai karɓi digiri ba. A watan Nuwamba kuma ana bikin baje kolin kayayyaki na Ikko a Dandalin Tafawa Balewa, inda kamfanoni da yawa ke kafa rumfuna da ma'aikatansu a ciki. Mu mukan je sayen tukunya da rediyo a farashi mai sauƙi. Ɗalibi ya je da tsabtatacciyar riga da tambayoyi. Shafinka na LinkedIn ka sa masa sunanka na gaskiya da hoton mutunci, ka kuma sani mai ɗaukar aiki yana iya leƙa abin da kake rubutawa a Facebook, zagin da ka yi wa wata ƙabila shekara uku da suka wuce yana nan yana jiranka.

Ku da aka haifa a nan Kudu kuna da wata dukiya da ba ku ɗauke ta a bakin komai ba. Kuna jin Hausa, kuna jin Yarabanci ko Ibo, kuna jin Turancin makaranta da na kasuwa. Kamfanin da ke yin sabulu, taki, siminti ko magani a Ota yana so ya sayar a Kano da Maiduguri, yana kuma bukatar wanda zai zauna da dila a Kantin Kwari ko Singa su fahimci juna, ya dawo ya rubuta wa manaja rahoto. Ku rubuta waɗannan harsuna a takardarku ta neman aiki, kada ku ɓoye su.

Iyayena mata, maganar 'yan mata tana hannunku. Yarinya da yawa ta rasa wurin koyon aiki mai kyau saboda mahaifinta ba zai bar ta ta zo Ikko ta zauna inda bai sani ba, kuma yana da gaskiya. In ya san a ɗakin Hajiya za ta sauka, Hajiya ta san ofishin da take zuwa da lokacin tashinta, hankalinsa zai kwanta. Ita ma yarinyar in wani a wurin aiki ya nemi ya kawo mata maganar banza, ta san tana da uwa a gari da za ta kai wa ƙara a daren, ba sai ta haɗiye don tsoron rasa sa hannu a littafinta ba.

Sai gargaɗi guda. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbin aiki, ko ya aiko saƙon waya yana kiran yaro ganawa a wani wuri da ba ofishin kamfanin ba, a bincika kafin a motsa. Mutane sun sayar da gonaki a kan wasiƙun ɗaukar aiki na jabu. Wannan ma aikin maigida ne, don shi ke gari, shi zai iya taka ƙafa ya je ya ga ko ofishin yana nan.

A kan bautar ƙasa, wadda ita ma a 1973 aka kafa ta, ba zan ce da yawa ba. Na san halin da hanyoyi ke ciki, ban kuma ga laifin uban da ke tsoron nisa ba. Amma in aka turo yaro Ikko, Ogun, Oyo ko Ribas, ga kuma ɗan'uwa a garin, a yi tunani sau biyu kafin a shiga neman a mai da shi gida. Shekara guda ce cur cikin ma'aikata, kamfanoni kuma sukan riƙe wanda suka ga ƙwazonsa.

Ranka ya daɗe, ga roƙona a ƙarshe. A ajiye littafi guda a fadarka, a ba ɗaya daga cikin samarinmu masu ilmi riƙonsa. A gefe ɗaya a rubuta sunan duk mai ɗakin da zai iya sauke ɗalibi, namiji ko mace, da unguwarsa. A ɗaya gefen a rubuta duk wanda ke da sanayya a wani kamfani, asibiti, otal, banki ko gareji, da irin aikin da ake yi a wurin. Ɗalibin da ke so sai ya aiko da wasiƙar makarantarsa da sunan dattijon da ya san shi a garinsu, wata biyu ko uku kafin lokacin fitarsa, don kamfanoni ba sa son takardar gaggawa. In ya gama kuma ya dawo ya rubuta sunan wanda ya koya masa aiki da yadda wurin yake, don na bayansa su san inda za su dosa. In Sarakunan Hausawa na Badun, Shagamu, Anacha da Fatakwal suka buɗe irinsa, sai a riƙa musayar sunaye ta waya. Waɗanda suka shirya ba da sunansu yau, akwai takarda a bakin ƙofa.